Lissafin da ke Bayan Soket

 Yau batun wutar lantarki za mu yi, amma ba ƙorafin ɗauke ta ba. Magana ce a kan lissafi guda biyu waɗanda, a ganina, bai kamata mai gida ya bar wa mai gyaran wuta shi kaɗai ba, domin su ne ke faɗa masa ko wayar ɗakinsa za ta jure abin da yake jona mata.

Wuta a cikin waya kamar ruwa ne a bututu: akwai ƙarfin da ke tura shi, akwai yawan da ke wucewa, akwai kuma matsin da ke rage masa gudu. Ƙarfin turin ana auna shi da bolt, yawan kwararar da amfiya, turjiyar kuma da om. Lissafi na farko, wani malamin lissafi Bajamushe, Georg Ohm, ya wallafa a 1827 cewa idan ka raba bolt da amfiya, turjiya za ka samu. Masanan ƙasarsa ba su karɓi zancen hannu biyu ba, sai a 1841 ƙungiyar masana ta Landan ta ba shi lambar yabo. Lissafi na biyu shi ne bolt sau amfiya, wanda ke ba ka wat, wato yawan wutar da abu ke ci. Ɗauki butar dafa ruwa ka juya gindinta, za ka ga an rubuta wat 2000. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida. Raba 2000 da 230, ka samu amfiya kusan 8.7. Raba 230 da 8.7, ka samu om 26 da 'yan kai. Ka gama sanin butar.

Ga inda maganar take. Abin da ke ɗumama waya shi ne amfiya, kuma ba a hankali zafin yake hawa ba. James Joule na Ingila ya nuna a wajajen 1840 cewa zafin da waya ke fitarwa shi ne amfiya sau amfiya sau turjiya, ma'ana idan kwarara ta ninka sau biyu, zafi sau huɗu zai ninka. A ce wayar jone ce siririya, ko mahaɗar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, turjiyarta om 0.2 kacal. Da amfiya 5, zafin wat 5 ne, ba wanda zai lura. Jona buta da dutsen guga mai wat 1000 tare, kwarara ta kai amfiya 13, zafin ya koma wat 34, duk a tattare a wuri ɗan ƙarami da roba ta lulluɓe. Warin ƙonewar roba da bakin soket da ya yi baƙi daga nan suke. Fis mai amfiya 13 da ke cikin filogi mai ƙafa uku an sa shi ne don ya mutu kafin waya ta kama, saboda haka wanda ya cire shi ya cusa zaren jan ƙarfe ya kori mai gadinsa da kansa.

Wani zai ce shi sola yake amfani da ita, batir mai bolt 12 ko jan mutum ba ya yi. Gaskiya ne, amma lissafin ya fi tsanani a wajensa. Wat 1000 a kan bolt 230 amfiya 4 ne da ɗoriya. Wat 1000 ɗin nan daga batir mai bolt 12 ya haura amfiya 83. Shi ya sa wayar da ke tsakanin batir da inbata take da kauri, shi ya sa kuma masu haɗa sola ke komawa bolt 24 ko 48 idan kaya sun yi yawa. Dalili ɗaya ne ya sa ake ɗauko wuta daga Kainji da Shiroro a kan bolt 330,000, layin Birnin Kebbi zuwa Yamai kuma a kan 132,000: a ɗaga bolt, amfiya ta ragu, asarar hanya ta yi ƙasa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na masu cewa dokar Ohm ba ta aiki a kan kowane kaya. Suna da gaskiya. Turjiyar zaren tsohon ƙwan fitila idan ya yi ja ta ninka ta lokacin sanyinsa fiye da sau goma. Firji da injin jan ruwa kuwa, a daƙiƙar tashi suna fizgar amfiya ninkin-ba-ninkin, kuma bolt sau amfiya a wajensu yakan fi ainihin wat ɗin da suke ci. To amma wannan ai hujja ce ta barin rata a lissafi, musamman wajen sayen janareta, ba ta watsar da shi ba. Duba abin da ke faruwa idan aka kawo wuta ba ƙarfi, a ce bolt 160. Butar nan mai om 26 za ta ja amfiya 6, ta ba da wat ƙasa da 1000: bolt bai ragu da kashi ɗaya cikin uku ba, amma rabin zafi ya tafi, ruwa ya ƙi tafasa da wuri. Buta ba za ta lalace ba. Injin firji shi ne ke shan wahala, don yana ƙoƙarin yin aikinsa da ƙarancin turi, sai ya ƙara jan amfiya, naɗin jan ƙarfen da ke cikinsa ya yi ta zafi har ya ƙone. Don haka a irin wannan lokaci, firji da injin ruwa ake fara cirewa daga soket.