Gargaɗi ga Mutanen Bune: Ku Je a Auna Jininku Tun Kuna Kan Ƙafafunku

Jama'ar Bune, ku saurara. Yaushe rabon da a auna muku jini? Kai maigida, yaushe rabonka? Ke uwargida fa? In ba a taɓa aunawa ba, to da ku nake.

Hawan jini ba ya sallama. Ba ya zuwa da zazzaɓi, ba ya hana mutum cin tuwo. Sai ya shekara goma a jiki mai shi na noma, na zuwa kasuwa, yana cewa lafiya lau. Kun san yadda tudun rairayi ke cin kwari: bana taku ɗaya, baɗi taku ɗaya, har a wayi gari dabinai sun nutse. Haka hawan jini yake cin zuciya da ƙoda da ido da jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2023 cewa babban mutum ɗaya cikin uku a duniya na da hawan jini, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba.

Ku dubi unguwanninku. Wane ne bai san dattijon da ya kwanta lafiya ya tashi baki a karkace ba? Wane ne bai ga magidancin da hannunsa da ƙafarsa suka shanye yana da ƙarfinsa ba? Sai a ce iska ce ta buge shi. Sai a ce jifa ne. A yi ta turare da shafe-shafe kwana uku, kafin a nemi amalanke ko mota. Kwana ukun nan ne ke kashe mutum. In baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe, ku ɗauki mutum zuwa asibiti a sa'ar nan. Kada ku jira gari ya waye. Kada ku jira ranar kasuwa. Hanyar Gure ba kusa ba ce, daga Gure zuwa babban asibitin Damagaram kuma akwai fiye da kilomita 150. Wanda ke nesa da asibiti ba shi da lokacin ɓatawa.

Yanzu ku leƙa tukunyarku. Gishiri nawa kuke zubawa? Dunƙulen magi nawa? Kanwa fa? Abin da ya kamata babba ya ci na gishiri a yini bai kai giram 5 ba, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi, kuma har da wanda ke cikin magi da yaji da kilishi. Magi galibinsa gishiri ne. Kanwa ma, wadda ake haƙowa a kwarurrukan ƙasarmu muke alfahari da ita, sinadarin da ke tayar da jini a cikin gishiri yana cikinta. Wanda ya haɗa ukun a miya ɗaya, safe da dare, yana ɗora wa zuciyarsa kaya. Ku rage. Ku ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa. Harshe zai saba cikin 'yan makonni.

Iyaye mata, wannan naku ne, kuma shi ya fi tayar mini da hankali. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya suka lura da yawan masu jego da zuciyarsu ke gazawa, suka alaƙanta abin da yawan shan kunun kanwa da kwanciya kan gado mai zafi. Mai jego na kumbura? Tana haki in ta kwanta? Tana tari da dare? Kada ku ƙara mata kanwa. Ku kai ta likita. Mai ciki kuma, in ƙafa da fuska sun kumbura, kai na sara, ido na ganin hazo, jijjiga na iya biyowa baya. Kada ta fasa zuwa awo ko sau ɗaya.

Samari 'yan fada, ku ma kada ku ce ba ruwanku. Sukari nawa kuke zubawa a butar shayi? Zagaye na ɗaya, na biyu, na uku, ga taba, ga hira har tsakar dare. Barcin awa nawa ke rage muku? Jiki na buƙatar aƙalla awa 7. Tramol ba ya cire gajiya, rufe ta yake yi. Ƙwayoyin ciwon jiki da ake talla a faranti cikin rana, irin su diclofenac, suna iya tayar da jini su lalata ƙoda. Ku daina saye.

Manomi da makiyayi na motsa jiki, wannan gaskiya ne. Amma ɗan tireda da ke yini a zaune fa? Wanda ko masallaci sai a kan babur fa? Ku taka da ƙafa rabin awa, kwana biyar a mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, ku nemi inuwa da tsakar rana, ku sha ruwa tun ƙishi bai kama ku ba. Ku riƙe gero da wake da zogale da kuka. Wanda bashi ko damuwar gida ta hana shi barci, ya samu amini ko malami ya faɗa masa, kada ya bar abin a ciki.

Awon jini ba ya cin minti biyar, ba allura, ba zafi. Ku je gidan likita mafi kusa ku ce wa majo a auna ku. In an ga 140 bisa 90 ko sama, ku koma wata rana a sake aunawa. In an ba ku magani, ku sha kullum. Kada ku ajiye shi don kun ji sauƙi, jinin zai sake hawa. Ku tafi wannan makon, kada ku ce sai bayan girbi. Ku tafi tare da tsofaffinku da matanku.