Baƙin Mako Biyu Da 'Ya'yanmu: Darasi Daga Tarihin Mishan A Zazzau

A duk shekara, musamman lokacin dogon hutun makarantu a Amurka da ƙasashen Turai, dubban matasa da likitoci da malaman jinya kan bar gidajensu a ƙarƙashin inuwar majami'unsu, su nufi ƙasashen Afirka da Asiya da Kudancin Amurka domin abin da suke kira aikin mishan na gajeren zango. Tafiyar ba ta cika wuce mako ɗaya zuwa biyu ba. Sukan duba marasa lafiya kyauta, su raba magunguna da gidajen sauro, su shafa wa ajujuwa fenti, su yi wasa da marayu, su kuma yi wa'azin addininsu, sannan su hau jirgi su koma. Farfesa Robert Wuthnow na Jami'ar Princeton, masanin zamantakewar al'umma, ya yi ƙiyasi bisa binciken da ya gudanar a shekarar 2005 cewa Amurkawa kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari shida ne ke yin irin wannan tafiya a kowace shekara. Yara da iyayensu mata su ne kan gaba a cikin waɗanda ake zuwa dominsu, saboda haka maganar ta shafe mu, ko muna so ko ba ma so.

A matsayina na wanda aka yanke wa cibiya a Ƙofar Kibo, wannan batu ba baƙo ba ne a wurina, domin birnin Zazzau na daga cikin wurare ƙalilan a ƙasar Hausa da 'yan mishan suka taɓa zama a cikin ganuwa, suna maƙwabtaka da malamai da sarakuna, har na tsawon shekara ashirin da huɗu. Wanda yake son ya auna baƙin yau da ma'auni na adalci, ya kamata ya fara sanin yadda aka yi da baƙin jiya.

Idan mai karatu bai manta ba, a shekarar 1900 ne Bishop Herbert Tugwell na ƙungiyar mishan ta CMS ya jagoranci tawagar mutum biyar daga Legas zuwa Kano, cikinsu har da wani matashin likita mai suna Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila. Sarkin Kano Alu Babba bai karɓe su ba, ya umarce su da su bar masa gari. Suka juyo ta Zariya, suka yada zango a Girku, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya kwanta dama. A 1905 Mila ya sami izinin zama a cikin birni, a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. A 1929, zamanin Sarki Ibrahim ɗan Kwasau, aka mayar da mishan ɗin bayan gari, wato Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa bisa tsarin ginin Hausawa, kuma asibitin St. Luke ya kafu.

Abin lura na farko shi ne lokaci. Kafin Mila ya taka ƙasar Hausa, sai da ya je Tarabulus ya zauna da Hausawan can yana koyon harshe. Ya laƙanci Hausa har ya zama jigo a aikin fassara Littafi Mai Tsarki da aka buga a 1932, kuma a ƙasar nan ya tsufa, ya rasu a 1952. Na biyu shi ne magada. Makarantar da ya dasa ce ta yaye Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda asibitin koyarwa na Kaduna ke ɗauke da sunansa, da Farfesa Ishaya Audu, likitan yara da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A Wusasa kuma Janar Yakubu Gowon ya tashi. Ko wanda bai yarda da aƙidar Mila ba, ba zai yi musun cewa abin da ya shuka ya yi saiwa ba.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Zaman Mila a cikin birni bai kasance na lumana ba. Ya yi doguwar tsama da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, kuma masana tarihi da dama na ganin ƙorafe-ƙorafen da ya riƙa kai wa Turawan mulki na cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe Sarkin da kai shi Lakwaja. Iyaye da yawa sun ƙi ba da 'ya'yansu saboda tsoron a raba su da addininsu, kuma wannan tsoro ya shafi yadda aka kalli boko baki ɗaya har tsawon shekaru. Akwai kuma labarin Gimi, ƙauyen da aka kafa wa Isawa bayan 1913 da kyakkyawar niyya, amma ƙudan tsando ya mamaye shi, ciwon barci ya kashe mutane da yawa, ala tilas aka watse. Idan mutumin da ya ba da shekara hamsin, ya iya harshe, ya san gari, zai iya barin irin wannan tabo, to, ina ga wanda ya zo da kwana goma sha huɗu da tafinta?

Tarihin kwanan nan ya amsa wannan tambaya. A watan Janairun 2010, bayan girgizar ƙasar Haiti, an kama Amurkawa goma mabiya ɗariƙar Baftis, akasarinsu daga jihar Idaho, suna ƙoƙarin tsallaka iyaka da yara 33 ba tare da takardun izini ba. Suka ce marayu suka ceto; da aka bincika sai aka tarar da yawansu iyayensu na raye. A Yuganda kuma, wata budurwa Ba'amurkiya da ta fara zuwa ƙasar a irin wannan gajeriyar tafiya a 2007 ta dawo ta kafa cibiyar kula da yara masu tamowa a garin Jinja, alhali ba ta da ko takardar shaidar aikin jinya. Yara 105 suka rasu daga cikin 940 da cibiyar ta karɓa kafin hukuma ta rufe ta a 2015. Ita dai ta ce yaran sun zo ne a galabaice, kuma ƙarar da wasu iyaye mata biyu suka shigar an sasanta ta a 2020 ba tare da ta amsa laifi ba. Don kada a ɗauka matsalar ta majami'u ce kaɗai, a nan maƙwabtanmu Chadi, a watan Oktoban 2007, an tsare ma'aikatan wata ƙungiyar agaji ta Faransa da ba ta addini ba a garin Abeche, suna shirin fita da yara 103 da sunan marayun Darfur, alhali mafi yawansu 'yan Chadi ne masu dangi. Abin ya yi ƙamari a duniya har Ostireliya, wajen kafa dokarta ta yaƙi da bautar zamani a 2018, ta amince cewa tara yara a gidajen marayu domin jawo baƙi masu ba da kuɗi wani nau'i ne na fataucin mutane.

Ko da an ajiye waɗannan manyan misalai gefe, akwai ƙananan illoli da duk wani likita zai tabbatar. A ba mai hawan jini ko ciwon sukari maganin wata ɗaya, a tafi, babu wanda zai auna shi a wata na biyu. A yi wa tsohuwa aikin yanar ido, idan idon ya ɗuri ruwa bayan kwana goma, wanda ya yi aikin ya riga ya tsallaka teku. Marayan da ya shaƙu da baƙuwa ta rungume shi mako biyu ta tafi, wata ta zo ta sake tafiya, zuciyarsa na koyon cewa babu wanda ke tsayawa. Sannan ga hotunan 'ya'yan mutane, da tsummokaransu da kumburarren ciki, ana bazawa a Facebook da Instagram ba tare da an nemi yardar uwa ko uba ba. Su kansu Kiristocin Amurka sun daɗe suna wannan muhawara a tsakaninsu. Littafin When Helping Hurts na Steve Corbett da Brian Fikkert, wanda ya fito a 2009, ya sa majami'u da dama sun sake duba yadda suke tura matasansu.

Adalci ne kuma a faɗi inda abin ke amfani. Asibitin Galmi da ke Jamhuriyar Nijar, wanda ƙungiyar SIM ta buɗe a 1950, ya daɗe yana karɓar likitocin sa-kai na ɗan lokaci, kuma Hausawa daga ɓangarorin iyaka biyu sun amfana. Dalili kuwa shi ne baƙon yana zuwa ne ya tarar da gida a tsaye: akwai ma'aikata 'yan ƙasa, akwai katin majinyaci, akwai wanda zai cire ɗinki bayan ya tafi. Inda akwai tushe, baƙon mako biyu ƙarin hannu ne. Inda babu, sai ya zama ruwan sama a kan yashi.

Saboda matsalar tsaro, Turawa ba su cika shigowa jihohinmu a 'yan shekarun nan ba, amma tawagogin majami'u daga Kudu, da 'yan Najeriya mazauna ƙetare, da ƙungiyoyin agaji na Musulmi daga ƙasashen Larabawa da Turkiyya, duk suna yin irin wannan aiki. A ganina ma'auni ɗaya ya kamata a yi wa kowa. Duk likitan da zai taɓa majinyaci ya nuna rajistarsa da Hukumar Kula da Aikin Likitoci ta Najeriya, kamar yadda doka ta tanada. Duk maganin da za a raba ya bi ta hannun NAFDAC. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, kuma duk mun ga yadda rashin yardar da ya haifar ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan-inna a 2003. A ɗaure kowace tawaga da wani asibiti ko makaranta ta cikin gari da za ta ci gaba da bibiya. Kada a raba yaro da danginsa, kada a ɗauki hotonsa sai da izinin waliyyinsa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 da dokar Jihar Kaduna ta 2018 suna nan, aiwatarwa ce ta rage. Game da wa'azi kuwa, tsarin mulki ya ba kowa 'yancin bayyana addininsa ga baligi mai hankali, amma ya kamata baƙo ya faɗi ko shi wane ne tun a ƙofar gari, ya gaya wa mai unguwa da iyaye abin da ya kawo shi. Kada a sa sauraron huɗuba ya zama kuɗin ganin likita, kada kuma a kewaye iyaye a nufi yaro. Wannan sharaɗi ya hau kan mai wa'azin Kirista a Ƙofar Kibo kamar yadda ya hau kan mai da'awar Musulunci a ƙauyen da Kiristoci suka fi yawa.

Daga ƙarshe, akwai tambayar da ta fi duk waɗannan nauyi, kuma mu 'yan boko ta dosa. A watan Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 ne suka rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina saboda tamowa a cikin wata shidan farko na shekarar, a daidai lokacin da manyan ƙasashe ke janye tallafinsu. Uwar da ɗanta ke shiɗewa a hannunta ba ta tambayar addinin mai allura. Zariya kuwa gari ne da Allah Ya hore wa asibitin koyarwa a Shika, da jami'a, da kwalejoji, da ɗaruruwan likitoci da malaman jinya da masu harhaɗa magunguna, Musulmi da Kirista. Daga Samaru zuwa Ƙofar Kibo ba a buƙatar biza ko tikitin jirgi. Mene ne zai hana ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da na ma'aikatan lafiya su ɗauki unguwa ɗaya, su riƙa zuwa Asabar ɗaya a kowane wata, shekara da shekaru, har su san yaran da sunayensu? Abin da ya sa aikin Wusasa ya ɗore ke nan, kuma shi ne abin da baƙon mako biyu ba zai iya ba mu ba, komai kyawun niyyarsa. Hausawa sun ce idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin muka bar giɓi a kan 'ya'yanmu, wani zai zo ya cike shi bisa nasa sharaɗin, kuma a ranar ba mu da bakin ƙorafi. Allah Ya ba mu ikon sauke nauyin da ke kanmu.