Mece ce Ƙuri'ar Jin Ra'ayin Jama'a?

Da zarar zaɓen shugaban ƙasa ya ƙarato, sai maganarta ta cika labarai. Masu bincike ne ke tambayar mutum dubu ɗaya ko biyu, galibi ta waya, wanda za su zaɓa, sannan su ƙiyasta ra'ayin ƙasa baki ɗaya. Matsalar ita ce, manomin da ke ƙauyen da babu sabis ba kasafai ake jin ta bakinsa ba, alhali shi ma yana da katin zaɓe.

'Yan siyasa kan auna irin wannan hasashe wajen ɗaukar mataimaki. A 2022 da Tinubu ya ɗauki Kashim Shettima, Musulmi ɗan'uwansa, da yawa sun ce ya jawo wa kansa faɗuwa. Amma ya lashe zaɓen 2023 da ƙuri'a miliyan 8.79.