Yarda a Matsayin Jari: Tunani da Dabara a Cinikin Kafofin Sada Zumunta a Kudancin Nijar

1. Gabatarwa

A ƴan shekarun nan wani sashe na cinikin atamfa, turare, kilishi da kayan ɗaki a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ya koma bisa wayar salula. Sau da yawa akan ga ƴan kasuwa biyu masu haja iri ɗaya da waya iri ɗaya, amma ɗaya yana ciniki, ɗayan kuwa sai tarin masu kallo. Manufar wannan ɗan nazari ita ce bayyana dalilin wannan bambanci. Da kalmar "tunani" muna nufin yadda mai haja yake ɗaukar mutumin da ke gabansa. Da kalmar "dabara" kuwa muna nufin tsarin matakan da yake bi don kai wa ga ciniki. Ra'ayinmu shi ne dabara daga tunani take fitowa, kuma jarin wannan kasuwa shi ne yarda.

2. Abin da tsohuwar kasuwa ta sani

Masana sun daɗe da nuna matsayin yarda a fataucin Hausawa. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi, alhali mai shanun baƙo ne da bai san su ba. Maigida da dillalansa su ne suke tsayawa tsakani, su ɗauki lamuni. Haka kuma Emmanuel Grégoire, a nazarinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya nuna cewa ƙarfin attajiri yana ga yawan barori da abokan hulɗar da yake iya dogara da su, wato arzikin mutane.

A gefe guda akwai cinikin mata na cikin gida, wanda Polly Hill ta yi nazari a kansa a ƙasar Katsina, ta kuma wallafa shi a 1969: uwar gida ta yi sana'a, yara su ɗauki talla. Ke nan tun asali muna da hali iri biyu. Akwai na mai talla, wanda burinsa kaya su ƙare kafin magariba, ko wa ya saya. Akwai kuma na maigida, wanda yake lissafin shekaru, yana tsoron ɓacin suna fiye da asarar kwana ɗaya.

3. Inda haɗari ya koma

Cinikin waya ya juya tsarin da Cohen ya bayyana. A Sabo mai kaya ne yake cikin haɗari, domin shi ke ba da bashi. A waya kuwa mai saye ne: yakan ga hoto, ya aika kuɗi ta kamfanonin aike irin su Nita ko Al Izza, sa'an nan ya jira a sako masa kaya a motar safa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, amma hoto ba ya nuna nauyin yadi, ba ya kuma ɗauke da ƙamshin turare. Dillalin da zai ɗauki lamuni babu shi. Saboda haka dole mai haja ya zama dillalin kansa, kuma wannan ba ya yiwuwa ga mai tunanin talla kawai.

4. Yadda kafofin suke aiki

Dabara mai kyau tana la'akari da ginin kowace kafa. Facebook, wanda aka kafa a 2004, da TikTok, sun yi kama da bakin kasuwa: jama'a da yawa, amma na'ura ce take zaɓen abin da kowa zai gani. A watan Janairu 2018 kamfanin Facebook ya ba da sanarwar fifita saƙonnin dangi da abokai bisa na shafunan kasuwanci. Wannan ya nuna cewa mabiyan shafi ba mallakar mai shafin ba ne.

WhatsApp, wanda aka ƙirƙiro a 2009, Facebook kuma ya saye shi a 2014, ya fi kama da zaure. Saƙon murya, da aka shigo da shi a 2013, ya buɗe ƙofa ga wanda bai yi lakwal ba, ya kuma ba da damar gaisuwa da tayi da Hausa kamar a rumfa. A 2017 aka ƙara "Status", inda hoto yake yin awa 24 ya ɓace, a 2018 kuma aka fito da WhatsApp Business. Abin lura a nan shi ne, bisa ƙa'ida sai mutane biyu sun ajiye lambar juna ɗaya yake ganin "Status" na ɗayan. Haka nan saƙon da aka watsa wa mutane da yawa a lokaci guda ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai aikowa. Ke nan ita kanta na'urar tana neman yardar mai saye kafin ta isar da talla.

5. Dabarun da suke biyo baya

Daga abin da ya gabata muna iya fitar da matakai huɗu.

Na ɗaya, a yi shela a bakin kasuwa, a ƙulla ciniki a zaure. Ma'aunin nasara shi ne yawan waɗanda suka ajiye lamba da waɗanda suka dawo karo na biyu.

Na biyu, a rage wa sabon mai saye haɗari: a nuna kaya a bidiyo da hasken rana, a faɗi aibinsu, a karɓi kafin alƙalami maimakon kuɗi duka, ko a sa wani amintacce a garin mai saye ya miƙa kaya ya karɓi ciko.

Na uku, a bar wa tayi gurbi. Da rashin tayi akan bar arha, kuma mai haja da ya yi jinkirin amsa saƙo daidai yake da wanda ya bar rumfa ba kowa.

Na huɗu, a ajiye lambobi da lissafin bashi a littafi. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook, Instagram da WhatsApp sun tsaya kimanin awa shida a duniya baki ɗaya. Wanda ke da lambobin mutanensa ya iya kiransu, mai mabiya kawai kuwa sai jira.

6. Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa waya ta ɗauke aikin ƴar talla, amma ba ta ɗauke aikin maigida da dillali ba. Wannan yana da muhimmanci musamman ga matan aure masu sana'a a gida, domin "Status" yana kai kayansu gidajen da a da sai yarinya ta ɗauki faranti. Akwai tambayoyi biyu da suka cancanci binciken fili daga ɗalibanmu: wa yake sasanta rigima idan kaya suka iso ba yadda aka nuna su ba, kuma wane tasiri wannan ciniki yake yi ga tallar ƴan mata da zuwansu makaranta?