Naitirojin a Gona, Naitirojin a Maƙera

Manomin Kiru ko na Bebeji ya san naitirojin ko da bai san sunanta ba. Ita ce ke cikin takin yuriya mai sa ganyen masara ya yi kore shar, kuma ita ce ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a saiwar gyaɗa da wake suke zuƙowa daga iska. Kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tana da muhimmin aiki a cikin ƙarfe marar tsatsa, wanda ake yin cokula da kwanuka da kayan asibiti da shi.

A shekarar 1913 ne Harry Brearley ya samar da ƙarfe marar tsatsa a Ingila. Nau'in da ya fi yaɗuwa a yau, wanda masana ke kira ostenait, yana ɗauke da kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8 cikin ɗari. Kuromiyam ne ke yi masa wata siririyar fata mai hana tsatsa, nikel kuma ya riƙe tsarin cikinsa. To, da yake nikel na da tsada, sai masana'antu suka koma rage shi, suna cikewa da manganis da naitirojin. Ƙwayar zarrar naitirojin ƙarama ce, saboda haka takan shige 'yan gurabun da ke tsakanin na ƙarfe ta tokare su. Ko kashi 0.2 cikin ɗari ya isa ya ƙara masa ƙwari sosai.

Mai karatu ya sani cewa ƙarfe ba dunƙule guda ba ne, tarin ƙananan ƙwayoyi ne manne da juna. Idan maƙeri ya dake shi, ƙwayoyin sukan baje su cukurkuɗe, sai ya taurare. Idan kuwa yana da isasshen zafi, sababbin ƙwayoyi masu laushi sukan tsiro su maye gurbin waɗanda suka jigata. Wannan shi ne sabunta ƙwaya, kuma shi ne hikimar da ke cikin zancen nan cewa da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. A kan wannan ƙa'ida aka gina masana'antar mulmula ƙarfe ta Katsina da aka buɗe a 1982, ko da yake rodin gini aka kafa ta ta yi.

Naitirojin takan shafi wannan aiki ta fuska uku. Da farko, ƙarfen yakan yi taurin kai ko da ya yi jajur, don haka sai an kai shi wajen digiri 1,100 zuwa 1,200 a ma'aunin santigireti, an kuma danna shi da ƙarfi. Na biyu, da zarar zafin ya sauko kusa da digiri 900, sabunta ƙwaya takan yi sanyi, ƙarfen ya soma tsagewa ta gefe. Na uku, idan ya daɗe tsakanin digiri 600 da 900, naitirojin takan haɗu da kuromiyam a iyakokin ƙwayoyi, wurin ya rasa garkuwarsa, tsatsa ta samu ƙofa. Maganin haka shi ne a mayar da shi digiri 1,050 ko fiye, sannan a tsoma shi a ruwa. Saɓanin ƙarfen gatari, shi wannan tsomawa ba ta taurara shi.

Duwatsun Riruwai da ke ƙaramar hukumar Doguwa suna da alaƙa da wannan batu. Ban da kuza, akwai kolombait a cikinsu, ma'adinin da Nijeriya ta fi kowace ƙasa haƙowa a shekarun 1950. Daga gare shi ake samun niyobiyam, wanda kan riga kuromiyam kama naitirojin da kabon. Ta haka kuromiyam ke tsira, kuma ƙwayoyin ƙarfe ba sa girma su wuce kima.

Darasi ga masu walda shi ne, kada a bar irin wannan ƙarfe ya jima cikin zafi, domin nan gefen ɗinki tsatsa ke fara ci. Manomin shinkafa na Tudun Wada ya riga ya san makamancin haka: yuriya daidai gwargwado tana cika buhu, in ta yi yawa kuwa shinkafa ta kwanta.