Alƙawarin kashi 99.9: Yadda kamfanonin manhaja ke auna tsada da amincin aiki

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS yana jiran kuɗin da ya tura su shiga, ya san takaicin jin an ce "babu netiwok". Sai dai ba kowa ya san cewa tura kuɗi sau ɗaya ta manhajar waya aiki ne na hannaye da dama ba. Akwai kamfanin sadarwar da ke ɗaukar saƙon, da cibiyar da aka yi hayar kwamfutocinta domin manhajar ta zauna a kai, da bankin mai turawa, da NIBSS da ke haɗa bankunan Najeriya, sannan bankin mai karɓa. Mai manhajar shi ne ke fuskantar abokin ciniki, amma yawancin waɗannan sassa ba nasa ba ne.

Tsakaninsa da kamfanonin da yake dogaro da su akwai yarjejeniyar da ake taƙaita sunanta da SLA, inda kowane kamfani ke rubuta yawan lokacin da ya yi alƙawarin aikinsa ba zai tsaya ba. Ana rubuta shi da kashi cikin ɗari, kuma a ido lambobin kamar ɗaya suke. Kashi 99.9 na nufin aiki na iya tsayawa kusan awa 8 da minti 46 a shekara ba tare da an saɓa alƙawari ba. Kashi 99.99 kuwa bai kai minti 53 ba.

Matsalar tana fitowa ne idan aka jera sassan. Tunda tsayawar ɗaya ta isa ta tsayar da duka, alƙawuran ba sa ƙarfafa juna, rage juna suke yi. Idan sassa biyar ne, kowanne da kashi 99.9, abin da zai rage ga aikin gaba ɗaya kusan kashi 99.5 ne, wato tsayawar kusan awa 44 a shekara. Kamfanin da ya ɗauki 99.9 ɗin da aka yi masa alƙawari ya miƙa wa abokan cinikinsa kai tsaye, ya ci bashin da ba shi da abin biya.

Diyyar da ake bayarwa ma ba ta toshe wannan giɓi. A yarjejeniyar Amazon kan kwamfutocin haya na EC2, idan aikin wani yanki ya gaza kashi 99.99 amma bai sauko ƙasa da 99 ba, ana rage wa mai haya kashi 10 na kuɗin hayar wannan wata. Sai ya sauko ƙasa da kashi 95 ne ake yafe kuɗin duka. Wannan ragi ne a kan kuɗin haya na gaba, ba biyan asarar cinikin da aka yi ba, balle abokan cinikin da suka yi fushi suka koma wani wuri.

Maganin da aka sani shi ne ajiye madadi: kamfanonin intanet biyu, ko cibiyoyi biyu a wurare daban-daban. A lissafi, hanyoyi biyu masu kashi 99 kowacce suna iya ba da 99.99, domin da wuya su faɗi tare. Amma kuɗin haya na iya ninkawa, ga albashin injiniyoyin da za su kwana suna gadi, ga shi kuma ana biyan yawancin manyan kamfanonin waje da dala alhali kuɗin shiga da naira suke zuwa.

Kuma lissafin yana aiki ne kawai idan hanyoyin biyu ba su haɗu a wata mashiga ɗaya ba. A ranar 14 ga Maris, 2024, manyan wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, sun lalace lokaci guda a kusa da gaɓar Kodebuwa. Harkokin bankuna da sadarwa suka tangarɗe a Najeriya da Ghana da wasu ƙasashen yankin, gyara kuma ya ɗauki makonni. Wanda ya biya kamfanoni biyu yana zaton ya tsira, zai iya tarar da cewa wayoyinsu sun bi ta wuri ɗaya a ƙasan teku. MainOne ya ayyana lamarin a matsayin abin da ya fi ƙarfinsa, kuma irin wannan yanayi yawancin yarjejeniyoyi sun cire shi daga abin da ake biyan diyya a kansa.

Shi ya sa ƙwararrun kamfanoni ba sa raba kuɗi daidai a kan kowane sashe. Suna tambaya ne: wane sashe ne idan ya tsaya ciniki ya tsaya? Saƙon sanarwar shigar kuɗi zai iya jinkirin minti goma, a tura shi daga baya, kuma kamfani mai araha ya wadatar a nan. Amma sashen da ke cire kuɗi daga asusun wani ya zuba a na wani, nan ne ake sayen madadi, a kuma riƙa kashe hanyar farko da gangan lokaci zuwa lokaci domin a tabbatar ta biyun za ta ɗauki nauyin.