Littafin Hoto Don Yaro Mai Saurin Fushi

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, manomin Kadawa da Kura da Bunkure ba ya da lokacin hutu. Da damina shinkafa, da rani alkama da tumatir da albasa. Maigida yana bakin ruwa, uwargida tana turara shinkafa, sau da yawa ƙaramin yaro a hannun yayarsa yake wuni. In ya faɗi yana birgima da ihu, abin da ya fi kusa da hannu shi ne tsumagiya.

To, ya kamata mu san dalilin birgimar. Yaro ɗan shekara 2 zuwa 4 yana jin haushi kamar babba, amma bakinsa bai kai ya faɗi abin da ke cinsa ba. Duka yakan sa shi shiru, lalle, amma ba ya ba shi kalmar da ya rasa. A nan littafin hoto yake da amfani. Yaron da bai san ko baƙi ɗaya ba yana gane fuskar da aka murtuke. Sai a nuna masa, a ce, "Dubi wannan, me ya same shi?" Zai ce akuya ta cinye masa masara. "To, yaya zai yi?" Kun ga ya soma maganar fushi, kuma ba a kansa ake yi ba, don haka ba ya jin kunya. Wata rana da bakinsa zai ce, "Inna, na ji haushi."

Magana Jari Ce na Abubakar Imam na waɗanda suka iya karatu ne. Na ƙanana kuwa, tun 2014 shirin African Storybook na Afirka ta Kudu yake sa littattafan hoto kyauta a intanet, har da na Hausa, ana duba su a waya. Amma a ganinmu na gida ya fi. A yanka kwali gida huɗu, a zana da gawayi ko biro, a ɗinke da zare. Gizo ma ya isa, tun da yara sun san halinsa in an hana shi abu.

Kada a ɗauko littafin sa'ad da yaro yake tsakiyar kuka, ba zai ji ba. A bari sai bayan tuwon dare, a kan tabarma. A koya wa yayar tasa ita ma, gama ita ce ke tare da shi da rana.